Sharhi: Gombe ta samu tituna da babbar tasha, saura wurin ajiye mota

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996, birnin Gombe yake ƙara faɗi. Unguwanni irin su Tumfure, waɗanda a da ake kallo a matsayin bayan gari, yanzu sun haɗe da shi. Kasancewarsa mahaɗar hanyoyin Bauchi, Biu, Yola, Dukku da Potiskum ya sa manyan motoci, har da masu dakon siminti daga Ashaka, suna gogayya da Keke Napep da babura a kan titi guda.

Gwamnatoci sun tunkari lamarin ta hanyar gine-gine. Babbar tashar motar da aka fara a zamanin Ibrahim Hassan Dankwambo, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ce ta kammala ta, da nufin tattara tashoshin da suka warwatsu a gari wuri ɗaya. Hujjar tsaro ma tana da ƙarfi, domin mutanen Gombe ba su manta da hare-haren bam da aka kai tashoshin Dukku da Dadin Kowa a shekarun 2014 da 2015 ba.

Sai dai tasha tana kula da matafiya ne zuwa wasu garuruwa. Cunkoson cikin gari kuwa daga gefen titi yake farawa. A kewayen Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa, mai mota yakan ajiye ta a bakin hanya ya shiga harkarsa, mai Keke ya tsaya kusa da ita yana jiran fasinja, mai talla kuma ya baje kayansa a wurin masu tafiya a ƙasa. Daga nan titi mai hannu biyu ya koma hannu ɗaya, a tura yara 'yan makaranta da tsofaffi tsakiyar kwalta. Muddin ajiye mota a bakin titi kyauta ne kuma ba iyaka, duk faɗaɗawar da aka yi za ta ƙare ne a matsayin garejin masu hali.

Gyaran bai kai tsadar gina sabon titi ba. Hukumar tsara birane ta jihar na iya hana izinin gina rukunin shaguna ga wanda bai ware filin motoci ba. A shata wuraren tsayawa kusa da kasuwanni, a sa kuɗi kaɗan bisa awa tare da rasit, a kuma bai wa masu Keke matsaya tasu kafin jami'an GOSTEC su fara kame. In ba haka ba, kora kawai za a yi daga wannan kwana zuwa waccan.

Akwai kuma batun aljihu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abin hawa ya zama nauyi ga ma'aikaci da ɗan kasuwa. Idan isa babbar tasha sai an yi shatar Keke, fasinja zai koma hawa mota a bakin hanya, haramtattun tashoshi su sake tsirowa. Motocin bas masu araha da za su haɗa tashar da Pantami, Bolari da Jekadafari za su rage wannan. Shirin dashen bishiyoyi na 3G ma zai fi amfani idan inuwarsa ta sauka a kan hanyoyin masu tafiya a ƙasa, musamman a zafin Maris da Afrilu.