DARASIN KASUWAR JOS: GWAMNATI ALƘALI CE, BA MAI RUMFA BA

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko a Agege ta Ikko yake, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ya san faɗuwar gaban da kan sami mai rumfa ran da aka ce ma'aikatan gwamnati sun iso da igiyar awo da jan fenti. Wurin da mutum ya shekara ashirin yana ciniki, takarda guda ta isa ta raba shi da shi. Galibi akan ɗauka baƙunta ce ta jawo haka. To, amma abin da ya auku a Jos ya nuna cewa ciwon ya wuce nan, domin doka ce ta mai da gwamnati mai ƙasa, ta mai da kowa ɗan haya, baƙo da ɗan gari.

Babbar kasuwar Jos ta Taminus gwamnati ce ta gina ta, aka buɗe ta a 1985, kuma ana lasafta ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu na shekarar 2002 gobara ta cinye ta. Aka yi fiye da shekara ashirin kango yana tsaye, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, kowace da nata alkawarin. 'Yan kasuwa kuwa suka baza kayansu a bakin titi, inda hukuma kan bi su da kora.

Abin tambaya a nan shi ne, da a ce kowane mai rumfa shi ke da filin rumfarsa, da takarda a hannu, shekara nawa zai yi yana kallon toka? Lalle da ya sayar da abin da ya rage masa, ko ya ci bashi, ko 'yan'uwa su yi masa gudummawa, ya tayar da gini kafin damina ta kewayo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma abin da aka ce na kowa ne, in ya faɗi ba mai hana idonsa barci saboda shi.

Tushen al'amarin yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a 1978, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki. Ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna. Abin da ake ba mutum izinin zama ne kurum, yawanci na shekara 99. Ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar Gwamna, kuma ana iya soke izinin da sunan amfanin jama'a, a biya shi diyyar gini da shuka, ban da ta ƙasar kanta.

Wani zai ce, ashe ba kamfanonin Turawa masu zaman kansu ne suka yi kaca-kaca da gonakin Filato wajen haƙar kuza, suka tafi suka bar kududdufai masu cin mutane da dabbobi ba? Haka ne. Sai dai a tuna wanda ya ba su wuƙa da nama. Dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 sun mallaka wa Gwamnatin Ingila duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Manomin Birom ba shi da ikon cewa a'a, balle ya yanka wa gonarsa kuɗi. Daga 1942 zuwa 1944 kuma hukuma ce da kanta ta riƙa ɗebo talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza, da yawa sanyin dutse da cuta suka kashe su. Wannan ba cinikin yarda ba ne, ƙarfin mulki ne. Har yanzu kuwa tsarin mulki na 1999 yana riƙe da wannan gado, sunan mai mallakar kawai aka sauya ya koma Gwamnatin Tarayya.

A gefe guda ga kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don bai wa masu haƙar kuza lantarki daga ruwan Kurra. Ba na gwamnati ba ne. Farashin kuza ya rushe a duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, amma shi ya ci gaba da sayar da wuta, har mutanen Bukuru suka riƙa yi wa masu jiran NEPA dariya. Dalili a fili yake: in wuta ta ɗauke, aljihunsa ne ke kuka.

Kada a zaci wannan magana baƙuwa ce da aka aro daga Adam Smith na ƙasar Sikotlan da littafinsa na 1776. Kusan shekara 400 kafin shi, Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima cewa shigar sarki cikin fatauci tana cutar da talakawa, tana kuma karya baitulmali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lasafta ƙwace dukiyar mutane da ɗibar kayan 'yan kasuwa cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa.

Wannan ba ya nufin gwamnati ta naɗe hannu. Tana da aikin da ba mai iya yi sai ita, watau tsare rai da dukiya, da yin shari'a tsakanin mutane ba tare da duban ƙabila ko addini ba. A rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010, da bam ɗin da ya tashi a Taminus a 2014, Musulmi da Kirista duka sun yi asara a daidai inda ya kamata hukuma ta tsaya musu. Wanda ya kasa gadin kasuwa, don me zai nace sai ya zama mai ita?

Saboda haka wajibi ne 'yan majalisa su sake duban dokar 1978, a cire sharaɗin neman amincewar Gwamna a kan kowane ciniki, a sauƙaƙa samun takardar fili, a kuma biya cikakkiyar diyya tun kafin a taɓa bulo guda. Su kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa da ke Kurmi, ya kamata su daina dogara da alkawarin baka na masu mulki, su haɗa kuɗi su nemi wurarensu a rubuce da sunansu. In masu neman ƙuri'a sun zo zango, kafin a karɓi atamfa da shinkafa, a fara tambayarsu matsayinsu game da wannan doka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.