Zomo da Karas: Kuskuren da Ke Kashe Zomaye a New York

A birnin New York na Amurka mutane da yawa suna ajiye zomo a cikin ɗaki don sha'awa, kamar yadda ake ajiye kyanwa. Wasu kan saya wa 'ya'yansu shi lokacin bikin Ista, bayan 'yan watanni kuma su gaji, su yar da shi. Saboda haka a ƙarshen shekarar 2014 majalisar birnin ta hana sayar da zomaye a kantunan dabbobi, kuma a watan Disamba na 2022 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a irin wannan doka domin jihar baki ɗaya, ta fara aiki a 2024. Doka ce mai kyau, amma ta tsaya a bakin kanti. Zomayen da ke mutuwa a hannun masu ƙaunarsu, sau da yawa abinci ne ke kashe su.

Wani ɓangare na laifin yana wuyan Bugs Bunny, zomon majigi da ya fito a 1940, mai magana da harshen mutanen Brooklyn, kullum da karas a baki. Karas kuwa zaƙi ya yi masa yawa, ɗan yanki ya ishi zomo.

Ga dalili. Cikin zomo an yi shi ne domin ciyawa mai kaushi. A mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ke narkar masa da ciyawa. Hanjin yakan tace abinci kashi biyu. Mai kaushi ya wuce, ya fita busasshe, watau kashin nan mai kama da ƙwallo da kowa ya sani. Mai laushi kuwa ya shiga jakar nan ya ruɓa, sa'an nan ya fito da taushi, zomo ya karɓe shi da baki tun daga dubura ya haɗiye. Wani likitan dabbobi Bafaranshe, Charles Morot, shi ya bayyana wannan a 1882. Mai ƙyama ya yi haƙuri: abin da saniya ke samu ta wajen tuƙa, shi zomo ke samu ta nan.

To, in aka cika shi da karas, burodi ko hatsi, ƙwayoyin nan sai su rikice, iska ta kumbura ciki, hanji ya tsaya. Zomo kuwa ba ya iya amai. Haƙoransa kuma ba su daina tsiro, taunar ciyawa ce ke rage su. Wanda ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, lalle a gaggauta kai shi wurin likita.

Abincinsa ingirici ne dare da rana, da ɗanyen ganye kaɗan, da ruwa mai tsabta. Makiyayin Zariya ko Maraɗi mai harawa a rumbu ya fi mazaunin New York sauƙin samunsa, muddin bai bar dusa ta rinjayi ciyawa ba.