FILIN KIƊA DA WAƘA: Faya-fayen Kiɗan Karkarar Amurka Da Suka Cancanci A Neme Su

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan cikin shekarun 1970 da na 1980, ya kuma taɓa zama kusa da akwatin rediyo ko ya shiga motar haya mai dogon zango, da wuya a ce bai san muryar Jim Reeves ko ta Don Williams ba. Tun daga Ikko har Jos, daga Inugu har Kaduna, an saurari mawaƙan nan biyu, tare da Kenny Rogers da Dolly Parton, kamar dai 'yan gida. Sai dai akasarin masu sauraro a nan suka tsaya, suka ɗauka cewa kiɗan karkarar Amurka, watau wanda ake kira kantiri, kiɗan hutawa ne kawai da sanyaya zuciya. Alhali kuwa asalinsa waƙar talaka ce, ta manomi da lebura da mai haƙar kwal da ɗan kurkuku. Saboda haka a wannan mako filin nan ya zaɓo wa mai karatu waɗansu faya-fayai da za su kai shi ga tushen abin.

A shekarar 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ya kai na'urar ɗaukar murya garin Bristol, a kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya yi shela mawaƙan ƙauye su zo a ɗauke su. Cikin waɗanda suka amsa akwai iyalin Carter, da kuma Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda tarin fuka ya kashe a 1933 yana da shekara 35. Kayan kiɗan mutanen wannan yanki su ne jita da goge irin na Turawa da banjo. Shi kuwa banjo jika ne ga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, waɗanda bayi suka haye teku da iliminsu. Ke nan tun ran gini akwai hannun baƙar fata a cikin wannan kiɗa.

Faifan da ya kamata a fara nema shi ne 40 Greatest Hits na Hank Williams, wanda aka tara aka fitar a 1978. An haifi Hank a jihar Alabama a 1923, kuma a wurin wani baƙar fata mai kiɗa a bakin titi, Rufus Payne, ya koyi kaɗa jita. Ciwon baya ya dame shi tun yana yaro, giya da maganin kashe zafi suka ƙarasa shi, har aka sallame shi daga shahararren shirin rediyon nan na Grand Ole Opry a 1952 saboda rashin cika alkawari. Ran 1 ga Janairu, 1953, aka tarar ya cika a kujerar bayan mota, ana kan hanyar kai shi wasa, yana da shekara 29 kacal. Waƙoƙinsa gajeru ne, kalmominsu na yau da kullum, a kan kaɗaici da cin amana da nadama. Muryarsa siririya ce mai kaifi, tana iya yi wa sabon kunne tsauri da fari, amma kusan duk wanda ya biyo baya a rijiyarsa ya sha.

Taushin da aka saba ji a nan daga baya ya zo. A tsakiyar shekarun 1950 kiɗan rok ya kwashe samari, kasuwar kantiri ta yi sanyi, sai masu tsara faifai na birnin Nashville, irin su Chet Atkins da Owen Bradley, suka rage kukan gogen ƙauye, suka shigo da fiyano da 'yan amshi masu lallausar murya domin jawo mutanen birni. Faya-fayai biyu sun isa shaida: He'll Have to Go na Jim Reeves na 1960, da Showcase na Patsy Cline na 1961. Abin tausayi, dukkansu biyu haɗarin jirgin sama ne ajalinsu, Patsy a 1963 tana da shekara 30, Jim Reeves kuwa ran 31 ga Yuli, 1964, yana tuƙa jirgin da kansa.

Wanda yake so ya ji ɗaya fuskar, to, ya nemi At Folsom Prison na Johnny Cash. Ran 13 ga Janairu, 1968, Cash ya shiga kurkukun Folsom na jihar Kalifoniya da makaɗansa, ya yi wasa sau biyu a gaban fursunoni, aka ɗauka yadda abin ya gudana. Ya zaɓi waƙoƙi a kan zaman kaso da hukuncin kisa da kewar gida, ya haɗa da na barkwanci, sa'an nan ya rufe da waƙar da wani ɗan kurkukun, Glen Sherley, ya rubuta. A cikin faifan ana jin shewar fursunoni, ana kuma jin sanarwar da ake yi ana kiran waɗansu da lambarsu. Shi Cash bai taɓa zaman wa'adi a gidan yari ba, iyakarsa kwanan ofishin 'yan sanda, amma ya yi wa mutanen nan magana a matsayin mutane masu daraja, a lokacin da duniya ta juya musu baya. Kazalika akwai Merle Haggard, wanda ya kalli wasan Cash yana ɗaure a kurkukun San Quentin, ya fito a 1960, ya zama babban mawaƙi. Faifansa Mama Tried na 1968 ya ɗauki sunan waƙar ɗan da ya ƙi jin maganar mahaifiyarsa har ya ƙare a bayan kanta.

A ɓangaren mata, Loretta Lynn 'yar mai haƙar kwal ce daga tsaunukan Kentucky, an yi mata aure da ƙuruciya, ta haifi 'ya'ya huɗu kafin ta fara waƙa a bainar jama'a. Faifanta Coal Miner's Daughter na 1971 tarihin gidansu ne, ba ta ɓoye talauci ba, ba ta kuma ji kunyarsa ba. A wannan shekarar ce Dolly Parton, ta huɗu cikin 'ya'ya 12, ta fitar da Coat of Many Colors, mai ɗauke da labarin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata da ƙyallaye tana ba ta ƙissar Annabi Yusuf, 'yan makaranta kuwa suka yi mata dariya. Har wa yau a nemi Jolene na 1974, domin a cikinsa ne waƙar I Will Always Love You take, wadda Whitney Houston ta sake rerawa a 1992 duniya ta ɗauka. Ita Dolly ce ta rubuta ta, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Masu cewa kantiri kayan Turawa ne zalla sai su saurari Modern Sounds in Country and Western Music na Ray Charles, wanda ya fito a 1962, zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfi a kudancin Amurka, ya kuma yi mako 14 a kan gaba a jerin cinikin faifai. Bayansa ga Charley Pride, wanda ya tashi yana tsinkar auduga a Mississippi. Da kamfanin RCA ya fara aika waƙoƙinsa gidajen rediyo, bai haɗa da hotonsa ba, don kada a ƙi su tun ba a ji ba. Amma a 1971 shi ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta zaɓa gwarzon shekara, kuma faifansa na shekarar, Charley Pride Sings Heart Songs, ya isa a ajiye.

Na ƙarshe a jerin shi ne Red Headed Stranger na Willie Nelson, na 1975. Labari ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, na wani mai wa'azi da ya kashe matarsa da kwartonta, ya shiga duniya yana neman gafara. Kayan kiɗan 'yan kaɗan ne, har shugabannin kamfanin Columbia suka zaci gwaji ne ba a gama ba, amma da ya fita sai ya zarce duk abin da Willie ya yi a baya. Shi kuwa Don Williams, wanda ya zo Afirka ya yi wasa a Harare a 1997, ya rasu a 2017, masoyansa su riƙe Expressions na 1978.

Yau duk waɗannan ana samun su ta intanet a cikin wayar hannu, sai dai wayar ta koya wa mutane tsinto waƙa ɗaya su wuce. Faifai irin na Folsom ko na Willie Nelson kuwa ba ya ba da ma'anarsa sai an zauna an bi shi daki-daki kamar tatsuniya. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba ya fara da Jim Reeves, domin kalmominsa a fili suke fita, sa'an nan ya koma baya zuwa ga Hank Williams. Waɗanda kuma suka gaji faifan garmaho ko kaset a gida, su kakkaɓe musu ƙura su kawar da su daga rana, don da tsohuwar zuma ake magani. Sai wani makon, in Allah ya yarda.