Zuwa Ga Iyayen Gida Masu Saurin Hannu

Maganata a yau da iyayen gidanmu ce: masu shaguna a Suk Libiya da babbar kasuwar Umdurman, da masu gareji, da masu gasa tubali a gaɓar Nilu.

Akwai ɗabi'ar da muka yafa wa mayafin tarbiyya, alhali sunanta zalunci. Yaron shago ya fasa kofi, sai mari. Ya makara, sai a zage shi ta uwa ta uba a gaban masu ciniki. Ya nemi haƙƙin guminsa, sai a ce ya jira kasuwa ta buɗe. In ka yi magana a ce maka, ai haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane.

To, daga wa kuka gaji wannan? Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, bai taɓa jin kyara daga gare shi ba. Abu Mas'ud kuwa, ranar da Annabi ya tarar da shi yana dukan bawansa, ya tuna masa cewa ikon Allah a kansa ya fi nasa ikon a kan yaron, nan take ya 'yanta shi. Wannan fa bawa ne. Ina ga ɗan mutane da aka ba ka amana?

Ku duba kuma wanda kuke duka. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yaran nan sun ga gawa a titi, sun kwana da yunwa, wasu har yau ba su san inda iyayensu suke ba. Zuciyar da ta riga ta tsage, mari ɗaya na iya ƙarasa ta.

Ranar da yaro ya ce gara mutuwa da wannan rayuwa, me muke yi? Mu kwaɗa masa tsawa, mu ce ba shi da imani. Kashe kai babban zunubi ne, babu jayayya. Amma jumhurun malamai ba su fitar da mai shi daga Musulunci ba, kuma a cikin Sahihu Muslim akwai labarin abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har ya halaka kansa, Annabi ya roƙa masa gafara. Dokar laifuka ta 1991 ma ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya yi yunƙurin. Tsoron hukuma ga tsoron gorin jama'a, ta yaya zai buɗe baki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. Kada wani ya ce Bahaushe ba ya ciki.

In yaronka ya daina magana, ya daina ci, ya fara rabar da 'yan kayansa yana neman gafarar mutane, ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin, sauke masa kaya take yi. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da abin da zai cutar da kansa da shi, a sanar da danginsa, a kai shi ga likita. Addu'a ba ta hana asibiti. Dokta Tijani al-Mahi, uban likitocin ƙwaƙwalwa a Sudan, wanda asibitin Umdurman ke ɗauke da sunansa, tare da shehunnai ya yi aikinsa.

A Yulin 2022 mun cika titunan Khartum muna neman a san darajar jinin Bahaushe, bayan kashe-kashen Damazin da Rusairis. Da wace fuska za mu nemi wannan daraja a waje, in a shagunanmu muke tattake ta?

Ina kira ga zaurukan dattawanmu: kamar yadda kuke sauraron rikicin aure da na gado, ku buɗe ƙofa ga ƙarar yaro a kan ubangidansa, kuma wanda aka samu da laifi a faɗa masa a gaban sa'o'insa.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wassalam.