Permin babur: a koyar da dokar hanya da harshen da mahaya ke ji

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a mashigar gadar Kennedy ta Yamai, ya san babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai ma'aikaci ofis, shi ke kai yara lakwal, shi ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa likita idan mota ta gagara. A shekarun 1970 mobilet ce ake gani, ita ma sai a hannun ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa masu hali. Daga baya sana'ar kabu-kabu ta kunno kai a garuruwan kan iyaka irin su Birnin Ƙwanni da Gaya, ta bazu cikin ƙasa. Da baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika kasuwa tun daga shekarun 2000, sai abin ya kai kowane lungu.

Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Amma fa yawan babur ya riga sanin dokar hanya nisa. Yaya akasarin samarinmu ke koyon tuƙi? Aboki ya ba aboki aron babur a fili bayan la'asar, ya nuna masa giya da birki, ya kewaya sau biyar bai faɗi ba, shi ke nan washegari sai guduro, har da ɗaukar fasinja. Hannu ya iya, amma kai bai san wa ke da izinin wucewa a mararraba ba.

Abin da alƙaluma ke faɗi

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma Afirka ce ke kan gaba in an kwatanta da yawan jama'a: kusan mutum 19 cikin kowane dubu 100. Hukumar ta ce haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun yawancin masu kabu-kabu da ƴan lakwal ɗin da suke ɗauka. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, shi kuwa mai babur jikinsa ke fara taɓa ƙasa. Idan saurayin da ke ciyar da gida ya karye a ƙafa, hatsin gidan ake sayarwa a yi jinya, wani lokaci har da akuyar uwarsa.

Doka dai tana nan. Dokar hanya ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta gaji ta 1963, ita ke tsara tuƙi a Jamhuriyar Nijar, akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, mai aikin faɗakar da jama'a. Permi iri-iri ne, na babur shi ne mai harafin A. Jarrabawarsa kashi biyu ce: kod, wato tambayoyi kan dokoki da alamun hanya, sannan gwajin tuƙi. Mai nema ya fara zuwa ofishin sufuri na jiharsa ya karɓi jerin takardun da ake bukata da kuɗin da doka ta yanka, don kada ya faɗa hannun ƴan tsakiya.

Abin da jarrabawa ke tambaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke shirin kod ya fara da siffar alamu, domin siffa da launi suna magana tun ba a karanta rubutu ba. An daidaita su a taron ƙasashe da aka yi a birnin Biyana a 1968. Alama mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce: kwana mai haɗari, lakwal, mashigar dabbobi. Mai da'ira da jan baki hani ce: kada a shiga, kada a wuce wani, kada a zarce gudu kaza. Shuɗiyar da'ira umurni ce, dole a bi inda kibiya ta nuna. Mai kusurwa uku da aka kifa, tsininta na kallon ƙasa, tana cewa ka ba na babbar hanya wuri. Ja mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP kuwa tsayawa take nufi cak, ƙafa a ƙasa, ko da hanya babu kowa.

Na biyu, izinin wucewa. A ƙasarmu hannun dama ake bi, a wuce na gaba ta hagu. A mararrabar da babu wuta, babu alama, babu ɗan sanda, wanda ya fito maka ta dama shi ke fara wucewa, ko keke ne, ko kai kana kan sabon babur. A shataletale, in an kafa alamar ba da wuri a mashiga, na cikin da'ira ke da izini. In ba a kafa ba, dokar hannun dama ke aiki. Akwai kuma jerin fifiko da masu jarrabawa ke son tambaya: hannun ɗan sanda ko jandarma ya fi wutar hanya, wuta ta fi alama, alama ta fi dokar hannun dama. Farin layi marar yanka a tsakiyar guduro ba a ƙetare shi, mai yanka-yanka ne ake ƙetarewa in gaba ta yi sarari. Ba a wuce wani a kwana, ko a kan tudu, ko dab da mararraba.

Na uku, gudu. A cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ce a awa, sai inda alama ta rage. Ga ɗan lissafi da kowane ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya yi a allo. Kilomita 50 mita dubu 50 ce, awa guda kuma daƙiƙa 3,600. In an raba, babur na cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya ga yaro ya faɗo hanya da ƙafa ta taka birki, wajen daƙiƙa guda ke wucewa, wato mita 14 ta tafi birki bai ko fara aiki ba. A gudun kilomita 80, mita 22 ce. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa ake barin tazarar daƙiƙa biyu aƙalla tsakaninka da na gabanka. Gaskiyar magabata ce, sauri ya haifi nawa.

A gwajin tuƙi ana duba yadda mutum ke tashi, da yadda yake riƙe babur a tafiyar sannu, da juyawa, da tsayawa. Ana so a ga ya dubi madubi, ya waiwaya, ya ba da sigina kafin ya karkata. Birkin gaba ya fi na baya ƙarfin tsayarwa, don haka a guduro tare ake kama su, a hankali. Cikin rairayi ko tsakuwa kuwa, wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi yana juyawa, ƙasa za ta karɓe shi.

Abin da hanya ke tambaya kullum

Hular kwano, wadda muke kira kaske, wajibi ce ga matuƙi da wanda ya goya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, tana rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. Sa ta daidai kuwa shi ne a ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana barin kai tun kai bai kai ƙasa ba. Masu cewa zafi ya yi yawa, zafin watan Afrilu ya fi sauƙi bisa ga gadon asibiti.

Hanyoyinmu kuma suna da nasu hali. A babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram da Difa, mai babur yana tafiya tare da manyan motocin kaya, da amalanken jaki marar fitila, da garken dabbobi. Haka abin yake a hanyar Tawa. Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke manne da gefensa ko bayansa: in ba ka hango fuskarsa cikin madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kada a kuskura a kutsa ta damansa a kwana. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe, a kunna fitila ko da rana. Da damina, ƙoramar da ta kawo ruwa a jira ta ta janye. Waya a kunne, da ƙwayar tramol da wasu ke sha wai don kore gajiya, da goyon mutum uku ko huɗu, duk suna cinye daƙiƙa gudan nan da rai ke rataye a kanta. Takardun babur ma su cika: lamba, kart giriz da asurans. Asurans ɗin nan shi ke biyan wanda ka buge, in babu shi daga aljihunka da na danginka za a biya.

Ina gizo ke saƙa?

Duk abin da muka zana a sama babu wanda ya fi ƙarfin mai hankali. Me ya hana samari zuwa jarrabawa? Kuɗi na ciki, nisa na ciki, tun da makarantun koyon tuƙi a manyan birane suka taru, hankalinsu kuma ya fi karkata ga mota. Amma babban shinge shi ne harshe. Littattafan kod da Faransanci aka rubuta su, alhali da yawa cikin masu neman abinci da babur ba su yi nisa a lakwal ba. Wanda ke tsoron tambaya da harshen da ba ya ji, ko dai ya yi ta tuƙi babu takarda yana ɓuya wa ƴan sanda ta lunguna, ko ya nemi wanda zai sayar masa da takardar. Na biyun ya fi muni, domin hukuma ta sa hannu a kan ilmin da babu shi.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, ga wurin da ya dace a ga amfanin wannan mataki da ido. A ganinmu abu huɗu ya kamata. A fassara muhimman dokokin hanya cikin Hausa, da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, a buga ƙaramin littafi mai hotuna da talaka zai iya saye. A sa alamun hanya da lissafin gudu cikin darussan cibiyoyin yaƙi da jahilci, waɗanda ke aiki a ƙasar nan tun shekarun 1960, suna da malamai har cikin karkara. A haɗa kai da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da magadan gari, masu jarrabawa su riƙa sauka a gundumomi a ranakun da aka sanar, a yi tambaya da harshen da mai nema ya zaɓa. Sannan duk ma'aikacin da aka kama yana cinikin permi a hukunta shi, domin wata rana ɗansa na iya kasancewa a bayan baburin wanda ya sayar wa.

Ku kuma da kuka samu takardar shaidar yaƙi da jahilci, karatunku ya same ku da aiki. A karanta wannan shafi a tashar kabu-kabu da majalisar unguwa, a zana alamun nan biyar a ƙasa a nuna wa ƙanne. Uban da zai saya wa ɗansa babur ya ware kuɗin kaske da na permi tun a ranar ciniki. Allah shi kiyaye hanya, shi maido kowa gida lafiya.