Kafin Mu Matsa Wa Baba Ya Saya Mana Keke



Da zarar hutu ya matso, hira ɗaya ce a ajinmu: keke. Wani an yi masa alkawari idan ya zo na ɗaya, wani kuma tun Sallar bara yake jefa kuɗi a asusu. A Amurka masu hali kan sayi mota mai ɗaki da gado a ciki domin yawon hutu. Mu kuwa motar yawonmu keke ne, shi ne kuma zai kawo mu makaranta idan an dawo. To, tun da sau ɗaya za a saya mana, ya kamata mu san abin da za mu nuna.

Matsalarmu ita ce da ido muke zaɓe. Fenti mai ƙyalli, giya barkatai da ƙaho mai ƙara, shi ke nan an gama da mu. A zangon da ya wuce an saya wa wani ɗan ajinmu jan keke na gwanjo mai giya 21. Duk mun yi masa sha'awa, har layi muka riƙa yi don ya ba mu ɗani. Amma keken ya fi ƙarfinsa, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Wata rana akuya ta gitta masa a gangara, ya matse birki bai kama ba, ya faɗi ya karye a hannun dama. Jarrabawar da ya so ya ci, ko biro bai iya riƙewa ba a ranar.

Saboda haka muke ganin a duba abu uku kafin a duba launi.

Na farko girma. Ana auna keke da faɗin tayarsa: akwai mai inci 20, da 24, da 26, da 28. Yawancinmu 'yan ƙaramar sakandare mai 24 ne daidai da mu, dogayen cikinmu kuma 26. Ka hau sirdi ka gani. Idan yatsun ƙafarka ba su taɓa ƙasa ba, ba naka ba ne, ko da an ce maka za ka girma ka tarar da shi.

Na biyu birki. Ka matse na gaba ka tura keken, sannan ka matse na baya ka sake turawa. Idan taya ta ci gaba da juyawa, a canza robar birki kafin a biya kuɗi. Ka ɗaga tayar ka juya ta ka ga ko tana karkacewa, ka kuma duba kaca ko ta yi tsatsa.

Na uku kayan gyara. Kakanninmu sun yi shekaru suna zuwa gona da kasuwa a kan Raleigh na Ingila, da Phoenix na China, da Hero na Indiya. Wasunmu za su ce ai waɗannan kekunan tsofaffi ne, kuma sun yi mana tsawo. Gaskiya ne, ba mu ce a saya mana su ba. Darasin shi ne ba su da tarkace, kowane mai faci zai iya gyara su. Keken gwanjo mai giya da yawa kuwa, idan giyar ta lalace, sai a jingine shi a zaure ya zama matattarar ƙura. Mu roƙi mai gyaran keke na unguwarmu ya raka mu kasuwa, ya fi mu ido.

Masu cewa su babur suke so, su tuna a Nijeriya sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi. Sauri ya haifi nawa.

Iyayenmu da guminsu suke samo kuɗin nan, wani ma sai ya sayar da tunkiya. Idan muka zaɓi abin da zai mutu cikin wata biyu, mun cuce su, mun cuci ƙannenmu da za su gaje shi. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta ware mana wurin ajiye kekuna kusa da maigadi.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, amin.

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida