Sharhi: Idan ido garau ne amma gani ya tafi, a duba jijiya da ƙwaƙwalwa

A ce saurayi ne ɗan shekara 20 a Unguwar Hajji, can yankin Ƙaraye da Rogo. Ya wayi gari tsakiyar ganinsa na dama ya dushe: yana ganin gefen hanya, amma ba ya gane fuskar mai gaishe shi. Babu ciwo, babu ja, babu kwantsa. Bayan wata biyu na hagu ya bi sahu. Mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa, dangi suka fara zancen sammu, wasu suka ce a jira masu aikin ido kyauta. Duk babu wanda ya dosi inda matsalar take. Tana bayan ido ne, a jijiyar da ke kai saƙon gani ƙwaƙwalwa, mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya.

Cikin cututtukan da ke zuwa da wannan kama akwai cutar Leber, wadda likitan ido Bajamushe Theodor Leber ya bayyana a 1871. Gadonta ake yi, kuma ta wajen uwa kaɗai. Lahanin yana cikin ƙananan sassan ƙwayoyin jiki masu samar da kuzari, waɗanda ɗa ke karɓa daga mahaifiyarsa, kamar yadda Douglas Wallace da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1988. Ta fi kama maza 'yan shekara 15 zuwa 35. Namiji ba ya gadar da ita ga 'ya'yansa, mace kuwa tana iya gadarwa alhali ita tana gani sarai. Shi ya sa likita zai tambayi lafiyar idon kawu da 'ya'yan inna, ba ta baffa ba. Wannan kuma ba hujja ba ce ta a ɗora wa uwa laifi ko a goranta wa danginta. Ita ma gada ta yi.

To mene ne amfanin hoton MRI? Ba shi ke tabbatar da cutar Leber ba, gwajin ƙwayoyin gado a jini ke yin wannan, kuma sau da yawa hoton mai ita kan fito ba wani abin a zo a gani. Amfaninsa shi ne kore wasu cututtukan masu kama da ita. Ƙari na iya tsirowa a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta, ya danne su a hankali. Idan an cire shi da wuri, gani kan dawo. Kumburin jijiyar gani ma yana da magani. Wanda aka yanke wa hukuncin makantar gado ba tare da hoto ba, ana iya barinsa ya makance da abin da tiyata za ta raba shi da shi.

Ko Leber ɗin ce, saninta na da rana. Taba sigari da giya na ƙara haɗarin tashinta ga ƙannen da ke ɗauke da lahanin. Maganin tarin fuka mai suna ethambutol yana taɓa jijiyar gani, dole likita ya san tarihin gidan kafin ya rubuta shi. Tarayyar Turai ta amince da maganin idebenone a 2015, ko da yake ba kowa yake yi wa aiki ba. Yawanci ganin gefe yana saura, mutum na iya ci gaba da sana'a.

Matsalar ita ce isa wurin na'urar. Mutumin Rogo sai ya shigo birni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko cibiyoyin kuɗi, ga kuɗin mota, ga na ɗan rakiya, ga na hoton da kan lashe amfanin gona. Aikin yanar ido kyauta alheri ne, amma wanda ba yana ce da shi ba akan sallame shi da tabarau.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta koyar da ma'aikatan asibitocin karkara doka guda: matashin da ganinsa ya faɗi cikin makonni, idonsa kuma garau, a ba shi takardar zuwa likitan ido a ranar. Hukumar KSCHMA kuma ta ɗauki nauyin hoton MRI ga duk wanda likitan ido ya tura, musamman na ƙananan hukumomin nesa irin Ƙaraye da Rogo.